Ɓuntun da Aka Ƙone a Magarya

A tashar Wurno, Turai mai gumin shinkafa tana jiran mota ta cika, sai ƙwafa take yi. Wani magidanci da ke gefenta ya tanka.

"Inna, lahiya?"

"Ina lahiya? Sabon mai injin casa na Magarya ya cinna ma ɓuntun shinkahwa wuta, wai shina tsabtace wuri."

"Ai shara ta, Inna."

"Shara? Da ɓuntun nan mu ka hura wutar gumi, mu goma sha biyu. Tokar kuma masu albasa ka kwasa. Sati ukku ke nan ba mu ɗora tukunya ba, icce ya hi ƙarhinmu."

Mutumin ya gyara hula. "Shi ma hwa sati ukku injin nai na tsaye."

"To wa za ya kai mai shinkahwa? Mu ka gumawa mu kai." Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ina kas san shina tsaye?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, in an tara wani ɓuntun, ku zo ku kwasa."

"Daga ina za ya hito, injin na tsaye?"