Sun Ɗebi Ruwan Dam, Ba Su Dawo da Amsa Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki.

Ni mai kamun kifi ne daga Kwanyawa. Tun damina kifi ke mutuwa a gaɓar dam ɗinmu. Ma'aikatan lafiya suka zo, na tuƙa su a kwalekwale, suka ɗebi ruwa a kwalabe. Bayan wata guda malaman gona ma suka ɗiba. Na ce wa babbansu, "Ranka ya daɗe, me na farko suka gano?" Ya ce, "Au, wasu sun zo?"

Muna jira muna sha, har gudawa ta kwantar da matata Hadiza. Ranar Talata muka binne ta.

Don Allah ku tambayar mana su: mu daina sha ne? Ba mu da wani ruwan.

Naku, Garba Kwanyawa.