Sunan Mubarak Ya Zama Hujja

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hajara mai sayar da doya a Salaga.

Ɗana Mubarak ya rasu da daminar bana, bai cika shekara ba. Ban taɓa fashin kai shi awo ba, kuma an ɗiga masa rigakafin zawo a baki. Da zawo da amai suka kama shi, tsofaffin gidanmu suka ce haƙori ne, zai wuce. Kafin mu isa asibiti maɗigarsa ta faɗa, nono ma ba ya iya kamawa.

Nas ta ce ƙwayar cutar, wai ita rota, iri-iri ce, kuma tun da aka fara rigakafin, irin da ke yawo cikin yara yana sauyawa. Ta ce ɗigon yana ceton yara da yawa, amma in zawo ya fara, a kawo yaro da wuri.

Na rungumi ƙaddara. Abin da ke cin raina shi ne ƙanwata Rukayya a Bawku. Ta haihu, ta ƙi kai jaririyarta awo. Da na kira ta, sai ta ce, "Yaya, ai Mubarak ya sha rigakafin. Yana ina?" Yanzu har danginmu na Yendi abin da suke faɗi ke nan.

Malam, don Allah ka gayyato likita ya yi mana bayani, Rukayya tana jin shirin nan. Ƙanwata, ina gaishe ki. Na riga na binne ɗana, kada ki bari sunansa ya binne 'yarki.