Waken da ya cinye mana itace

Assalamu alaikum Malam mai karanta mana wasiƙu, ina gajiya? Ni ce Hadiza mai fura daga Kirkissoye, ɗana ne ya rubuta mini.

Na ji a rediyonku cewa manyan ƙasashe masu tsara arzikin duniya za su ƙara kujeru a taronsu, amma duk na masu kuɗi ne irinsu. Raina ya ɓaci, ga dalili.

Da farin nan ya tsananta, kamiyo, wato babbar mota, ya zo unguwarmu da taimakon da suka yanke a wancan taro. Sojoji suka jera mu a rana, aka ba kowa wake. Na ɗora shi da hantsi. Har la'asar yana ƙara cikin tukunya kamar tsakuwa. Itacen da na yi tattalinsa ya ƙone ƙurmus. Maƙwabciyata Ramatu ta ce, "Yaya Hadiza, bari in kawo turmin nan nawa da ya tsage." Muka faskara shi muka tura a murhu. Yara suka gaji da jira, barci ya kwashe su da yunwa.

Malam, ƙasar da babu ruwa, ina ta ga itace? Da akwai mutum guda daga ƙasashenmu a zaune can, ai da ya faɗa musu. Su yanke abin da za mu ci, ba su tambaye mu da me muke dafawa ba.

Masu saurare, ku ba ni shawara, ta ina ake shiga taron nan? Ina so in kai musu sauran waken su dafa da kansu.

A gaida Ramatu, wadda har yau a gidan mutane take daka.