A Ba Ramlat Mukulli

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Mai girma shugaban taro, Alhaji Murtala, mai unguwarmu, malamanmu masu daraja, iyayenmu mata da ke bayan rumfa, 'yan'uwana matasan Rurum, assalamu alaikum.

Ni ne Saminu ɗan acaɓa, yayan Ramlat wadda aka taru yau domin karrama ta. Ban yi nisa a boko ba, amma wanda ke kan hanya kullum yana ganin abubuwa. Ina gode wa ƙungiyarmu da wannan walima, sai dai ku yi haƙuri, godiyata da ƙaiƙayi a cikinta.

Na farko, wannan takardar shaida ta kula da kwamfutoci da haɗa su da juna ba daga sama ta faɗo ba. Ni na riƙa goya yarinyar nan zuwa tashar Rano, rani da damina, tana shiga motar Kano. Jarrabawar farko ta faɗi, ta yi kukanta, ta share hawaye, ta koma. Ta biyu ta ci.

Na biyu, ga ɗakin kwamfuta can, wanda 'yan garin nan mazauna birni suka cika mana. Me muka yi da shi? Mun lulluɓe kowace na'ura da ƙyalle mai ado kamar jeren amarya, mun garƙame ƙofa da kwaɗo, ba a buɗewa sai baƙi sun zo. Da Ramlat ta nemi shiga ta haɗa su, Baba Halliru mai riƙon mukulli cewa ya yi, "'Yata, kayan nan amana ne. In an kunna sun lalace, me zan ce?" Ta ce, "Baba, ai zaman ne ke lalata su." Ya ce, "To, a bari kwamiti ya zauna." Kwamiti bai zauna ba, ɓera ne ya zauna, ya ci wayoyi! Ƙannenmu kuwa, ni nake ɗaukarsu ranar jarrabawar shiga jami'a, wadda da kwamfuta ake yin ta, alhali ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai: jiya aka aiko a karɓi takardar, wai a sa mata gilashi, a rataye a cikin ɗakin. Wato ita ma a kulle ta! Jama'a, rijiya ta bayar, guga ya hana.

Kunya ba za ta bar Ramlat ta faɗa ba, ni zan faɗa. Wani kamfani a Kano ya kira ta aiki, ranar Litinin yake son amsa, ita kuwa nan ta fi so. Ba kujera take nema ba, ba kirari take nema ba, mukulli take nema. Baba Halliru, wallahi ba raini ba ne, kai ka raɗa mini suna. Amma mukullin yana aljihunka, tun da ka zauna nake jin ƙararsa. In an miƙa mata a gaban jama'ar nan, ni zan fara yaye ƙyallayen. In kuwa kwamiti za a jira, babur ɗina na bakin rumfa, hanyar tasha kuma na san ta.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya sa albarka a karatun yaranmu, Ya hana mu kulle alherin da Ya buɗe mana, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.