Na'urar da Ta Hana Ni Limanci

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, da masu sauraro. Ni ne Baba Tanko mai ɗinki, daga unguwar Akwatialine.

Ciwon suga ya same ni da girma. Bana na shiga binciken sabon magani a wani asibiti a Bantama, suka liƙa mini ƙaramar na'ura a damtse mai auna suga dare da rana, suka ce kada in cire.

Ni ke jan salla a rumfarmu ta kasuwar Kejetia. Sai zuciyata ta ce, ruwa bai taɓa fatar wurin ba, yaya wankana? Kunya ta hana ni tambaya, na riƙa tura wani gaba. Nan fa aka soma raɗe-raɗi wai na yi abin kunya.

Na koma asibitin na ce wa nas ɗin da ke duba ni, wata Kirista da ake kira Maame, na fasa binciken. Ta ce, "Papa, ba dole. Amma wannan ba karatuna ba ne, kawo malaminka."

Malamina ya zo ya duba, ya ce, "Tanko, ka taɓa ganin mai karaya ya kwance ɗauri don wanka? Shafa a kanta, ka wuce gaba."

Alhamdulillahi, na ci gaba da binciken, sugana ya sauka, na koma limanci.

Ina gaida Maame da malamina. Masu raɗe-raɗi kuma ina gaishe ku. Ku zo rumfa, in naɗe hannun riga ku ga abin kunyar.