Ruwan da Ya Ci Bangon Cocin Soja

Jawabin Fa'iza, matar Iliyasu, a taron tunawa da marigayi Kofur Bulus Maikano, Zangon Barira, Mayu 2006

Ranka ya daɗe Dagaci, Allah Ya ja zamaninka. Mai unguwa, Fasto da dattawan coci, Malam Liman, tsofaffin sojoji da suka taso tun daga Madobi da Bunkure, shugabannin ƙungiyar masu ban ruwa, kakarmu Naomi, iyayena maza da mata, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ni ba kowa ba ce a wannan taro. Shekarata biyu da wata huɗu da aka kawo ni daga Kura gidan jikan marigayi. An ce in yi magana ne saboda ni ya riƙa zaunarwa yana ba ni tarihin ginin nan da muke zaune a inuwarsa, don ya ga ina karatu. Kun san gidanmu: rabi masallaci, rabi coci, tukunyar biki ɗaya. Shi ya riƙe mu a haka.

Ya kasance mai wasa da jika. Ranar da na fara kai masa tuwo, ya ga littafi ya leƙo daga ƙarƙashin mayafina, ya ce, "Amaryata, yau wa ya yaudari wa?"

Na ce, "Tsoho, ba na irinku ba ne."

Ya ce, "To rubuta nawa mana. Akwai fatake, akwai annoba, akwai soja."

Na ce, "Akwai soyayya?"

Ya ce, "Ke, ni da na bi kakarki Naomi har rijiya sau goma sha ɗaya tana watsa mini ruwa? Wancan yaron da kika aura ko sau ɗaya ya jiƙe dominki?"

Ga abin da ya ba ni, yadda ya ji daga kakanninsa. Tun kafin Jihadi da nisa, ayarin fatake kan bi ta nan daga Kano zuwa kudu. Ayari ba ya jiran maras lafiya. Wanda zazzaɓi ya kayar, sai a ajiye masa goran ruwa a gindin kuka a wuce. Wata mata, Barira, wadda garin nan ya ci sunanta, ita ta gaji da binne baƙi, ta sa 'ya'yanta suka gina soro. Gida-gida ake karɓa-karɓar kai kunu. Ba a tambayar baƙo garinsu ko abin da yake bauta wa sai ya iya zama da kansa. Wanda ya warke ya bi ayari na gaba, wanda ya mutu a binne shi a bayan soron. Kowace kaka, bayan an gama girbi, gari ya fito a yi masa yaɓe. Ya ce ginin ƙasa ba ya tsufa, mutanensa ne suke gajiya.

Da mota da jirgin ƙasa suka ɗauke hanya, soron ya zama na jemagu. Bayan yaƙin basasa, lokacin da ake haƙa kanal ɗin ban ruwa, wasu sojoji suka yi sansani kusa da nan. Kiristocin cikinsu ba su da wurin sujada. Kofur Bulus, ɗan garin nan, da harsashi a cinyarsa, shi ya kai su gaban mai unguwa na lokacin. Mai unguwa ya ce an ba su, da sharaɗi ɗaya: ɗakin baƙi ne, ba za a sa masa kwado ba. Suka kori jemagu, suka ɗora kwano, suka rataye bakin ƙarfen tayar mota a reshen kuka ya zama ƙararrawa. Shi ke nan aka samu Cocin Soja. Sojoji suka tashi, shi ya zauna.

Ya kasance mai riƙe alkawarin da ba shi kaɗai ya ɗauka ba. Shekara talatin da wani abu ƙofar nan ba ta ga kwado ba. 'Yan cirani masu tsinkar tumatir sun kwana a ciki, sun yi sallarsu a waje, bai taɓa ɗaure musu fuska ba. Ya kasance, idan shekara ta zagayo, shi ne mai bin gidaje yana cewa a fito yaɓe. Da farko gari ne ke fitowa, daga baya layi ɗaya, daga baya shi da bokitinsa.

Mu kuwa me muka yi? Ruwa ya zo mana, ƙasa ta yi tsada, kowa ya riƙa matso da fangalinsa. Filin da a da ayari guda ke sauke jakuna a cikinsa, muka cinye shi taki-taki har tumatir ya kai taki uku da bango. Ya yi magana a gaban mai unguwa, ya yi a taron ƙungiya. Ya ce, "Jama'a, ginin ƙasa da ruwan kwance ba sa maƙwabtaka." Muka ce tsoho ya cika mita.

Wannan laifinmu ne duka. Yanzu zan faɗi nawa ni kaɗai.

Kun san bangon gabas ya faɗi a watan Fabrairu. Ranar Talatar da ta gabaci faɗuwarsa, ranar ruwan layinmu ce. Maigidana ya tafi kai kwanduna kasuwar tumatir, ya ce da ni idan fangalin ƙarshe ya sha, in ɗauke tiyo daga kanal in toshe bakin da laka. Aikin da bai fi a sha ruwa ba. Na je da littafi. Na zauna ƙarƙashin mangwaro na ce bari in gama babi ɗaya. Yarinyar cikin littafin tana tsaye a tasha, wanda take jira bai zo ba, ni kuma na tsaya tare da ita. Daga hantsi har aka kira la'asar ruwa yana gudu. Ya cika fangali, ya karya kunya, ya je ya kwanta a gindin bango.

Da na ɗago kai, marigayi na gani, cikin ruwa har gwiwa, yana cusa laka da hannu. Ya dube ni, ya dubi littafin. Na jira faɗa. Sai ya ce, "Ya zo kuwa?"

Na ce, "Wa?"

Ya ce, "Wanda take jira."

Na fashe da kuka. Ya ce, "Tashi ki tafi gida kafin a gan ki. Ramin gafiya ne. Kin ji ko? Gafiya."

Bayan kwana biyu, bangon da ya sha ruwa ya zube. Marigayi ya gaya wa kowa gafiya ce. Ba a yarda ba, domin kowane manomi ya san ramin gafiya ba ya zubar da ruwan wuni guda. Aka ce Malam Hammadu, mai buɗe ƙofar kanal, shi ya saki ruwa fiye da kima. Aka karɓe makulli daga hannunsa bayan shekara goma sha huɗu. Marigayi ya je wurin shugabanni sau biyu yana rantsuwa ba Hammadu ba ne, aka ce to wane ne. Ya ƙi ba da ni, ya kasa wanke Hammadu, abin ya tsaya masa a wuya. Ni kuwa ina ɗaki ina jin komai ta katanga, ina tsoron a ce amaryar Kura ta rushe coci, ina tsoron abin da wannan magana za ta zama a gari irin namu.

Sai ya fara buga tubali shi kaɗai, cikin zafin bazara, da shekara saba'in da bakwai. Na kai masa fura, ya ce, "Amaryata, wata rana za ki faɗa da bakinki. Ni ba zan faɗa miki ranar ba." Tubali ɗari biyu da sha uku ya buga, ga su can a jere. Tun ranar da ya faɗi a kansu, bai sake tashi da ƙafarsa ba.

Kaka Naomi, kin shekara hamsin da biyar da shi, ni na rage miki abin da ya saura. Ban san adadinsa ba, Allah Ya sani. Ki yafe mini idan kin iya, idan ba ki iya yau ba zan jira.

Malam Hammadu, 'ya'yanka sun ji ana kiran ubansu mai sakaci a bakin kanal wata uku. Ga gaskiya a gaban Dagaci, a gaban Fasto da Liman. Ranka ya daɗe, ina roƙo a mayar masa da makullinsa yau, kafin a watse.

Maigidana ya ji wannan magana ne jiya da azahar. Ya ɗauki fartanya ya fita, ya rushe fangali huɗu na kusa da bango, da tumatir ɗinsu a kai. Har yanzu bai yi mini magana ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Damina ta kusa. Magina sun ce idan ruwan farko ya sami ginin a buɗe, sauran bango ukun za su bi na gabas. Asabar mai zuwa muna neman gayya, masu salla da masu sujada, kamar yadda kakanni suka yi. Wanda gonarsa ta matso, ya ja da baya da kansa, kada ya jira a aiko masa.

Na gode wa iyali da suka ba ni wannan wuri ba tare da sanin abin da zan faɗa ba. Na gode muku da kuka saurara ba ku tashi ba. Fasto zai yi tasa addu'ar, ga tawa: Allah Ya ba Kaka Naomi da zuri'a haƙuri. Allah Ya mayar wa Malam Hammadu da mutuncinsa ninki. Marigayi yana hannun Wanda Ya fi mu sanin alherin da ya shuka. Mu da muka rage, Allah Ya yafe mana, Ya kuma riƙe mana ruwan sama har mu ɗora tubali na ƙarshe. Amin.