Shaidar Ranar Lahadi

A tashar Kafanchan, motar Kagarko ta ƙi cika. Wani dattijo yana kallon karkatattun yatsun matar da ke gefensa.

"Mama, sanyin gaɓɓai ne?"

"A da ke nan, Baba. Yesu ya warkar da ni."

"Kina dai shan maganin asibiti?"

"Wanda ya warke me zai yi da magani?"

"Haka matata Serah ta ce. Likita kuwa ya gaya mata ciwon ba a gaɓa ya tsaya ba. Har cikin jijiyoyin jini yake sa kumburi, inda mutum ba ya jin zafi. Maganin yana kwantar da shi can ma."

"Likitoci ba su da bangaskiya."

"Ta ba da shaida a coci, ta zube ƙwayoyin a gaban jama'a. Mata suka yi ta guɗa."

"To, ka gani!"

"Da ciwon ya dawo, kunya ta hana ta komawa asibiti. Lokacin haƙar citta zuciyarta ta tsaya a gona."

Matar ta tura hannunta cikin zani.

"Baba, tawa shaidar ranar Lahadi ce. Fasto ya riga ya sanar."